Ruwan Ɗorawa a Tsakiyar Bargo

A ƙarƙashin gadona akwai wata tsohuwar kwalla mai lotsattsen murfi, tun ta kayan aurena. Ragowar zaren ulu nake tarawa a ciki. Muna aji uku a sakandare wata malama ta koya mana saƙar kibiya, kuma cikin duk abin da na karanta a makarantar nan, shi ne ya biyo ni ɗakin aure ya zauna. A unguwarmu a Gumel in an yi haihuwa, wasu su kai sabulu, wasu su kai atamfa, ni hula da safa nake kaiwa. In na sayo zare sai na sake naɗe shi a jikin 'yar takarda ko kwalin ashana don kada ya harɗe. Kowace saƙa kuma ba ta rasa barin saura, wani kamar ƙwan zabo, wani bai wuce goro ba. Ba na iya zubarwa. Sai in jefa a kwalla in mayar da murfi.

Babbar 'yata ita ce 'yar fari, don haka bakina bai taɓa kama sunanta ba. “Ke” nake ce mata, a gaban mutane kuma “yarinyar nan”. Daga yaye yayata da ke aure a Maigatari ta ɗauke ta, a can ta yi wayo, sai da za ta shiga sakandare ta dawo hannuna. Yayar tawa take kira Inna, ni kuma Umma. Ita Yaya tana da ikon ta rungume ta, ta yi mata kirari, ta yi kuka a kanta a bainar jama'a. Ni nawa sai kallo ta gefen ido.

Da aka yi mata aure aka kai ta Gagarawa, shekara ba ta zagayo ba ta samu ciki. A nan na yi abin da har yau nake jin nauyinsa. A wajenmu ba a yi wa ɗan da ke ciki kaya a fili. Ana bari sai ya sauka lafiya, ko kuma a tanada a ɓoye a ƙasan akwati, ba mai gani ba mai ji. Na san haka sarai. Amma bakin da ba zai iya cewa “ina murna” ba, sai hannu ya faɗa a madadinsa. Cikin yana wata shida na sayo sabon zare ruwan ɗorawa, na baje tabarma a tsakar gida, na saƙa riga da hula da safa da shawul, duk mai shigowa tana gani. Wasu suka ce ma sha Allah. Wasu suka ce, “Tun yanzu?” suna dariya. Ni ma na yi dariya.

Yaron ya zo ranar wata Juma'a da rana, bai zo da rai ba. Namiji ne, an ce gashinsa baƙi wuluk. Ban gan shi ba, mahaifinta da mijinta suka ɗauke shi.

Ana zaman jaje ina ɗaki, sai na jiyo wata dattijuwar maƙwabciyarmu a bakin ƙofa tana cewa ƙasa-ƙasa, “Ita ma uwar ta cika gaggawa. Ta shanya kaya a tsakar gida kowane ido ya sha.” Ba da mugunta ta faɗa ba, ita ce ma ta kwana biyu tana dama mana kunu. Amma maganar ta shiga ta samu wuri. Kafin Yaya ta koma Maigatari ta tattara kayan nan kaf ta zuba a jakarta, ta ce za ta ba wa mai bukata a can. Ban tambaye ta komai ba. Na ɗauka har guntun zaren ta haɗa.

Na sani rai da mutuwa na Allah ne. A islamiyya malamarmu ta sha ja mana kunne a kan camfi, ina cikin masu gyaɗa kai. Sai dai abin da kai ya sani daban, abin da ƙirji yake yi in ka zauna kai kaɗai daban.

Bayan shekara biyu 'yar tawa ta sake samun ciki. Da ya shiga wata bakwai mijinta ya kawo ta gida goyon ciki, ana tsakiyar kaka, motocin riɗi da zoɓo suna ta wucewa ta titi. Tana saukowa daga mota idona ya faɗa kan ƙafafunta. Sun kumbura, silifas ɗin ya nutse a cikin naman. Na ce, “Sannu da hanya,” na karɓi jakarta na shige ciki don kada ta ga fuskata. A wajen awo nas ta ce jininta ya hau, ta rage gishiri, ta rinƙa zuwa duk mako, in ta ji ciwon kai ko ganinta ya dushe kada a jira komai a kawo ta.

Na yi wa kaina alkawari ko safa ɗaya ba zan saƙa ba. Na hana a sayi ko da hoda. Yaya ta bugo waya ta ce ta ga wasu riguna masu kyau a kasuwar Alhamis, na ce don Allah ta bar su a inda ta gan su. Amma lissafi ya nuna haihuwar a tsakiyar sanyi za ta faɗo, ni kuma na san sanyin garinmu, wanda ruwan randa yake cizon haƙori da safe. In na gama aikin gida na zauna, sai hannuwana su rasa inda za su sa kansu. In ja carbi, in ajiye, in tsince shinkafar da na riga na tsince. Kunnena kullum yana ɗakinta. In ta yi shiru da yawa in ce ko lafiya, in ta yi tari in miƙe tsaye.

Wata rana bayan azahar na jawo kwallar. Na ce da zuciyata ai bargo ba kayan jariri ba ne, kuma ragowar zare ba sabon zare ba ne, ba wanda zai kalle shi ya ce an yi tanadi. Na ɗora saƙa a kibiya. Da maigidan ya shigo ya tambaya, na ce nasa ne, na rufe gwiwa, tunda duk lokacin sanyi yana kuka da ita.

Akwai wani sharaɗi da na kafa wanda ban gaya wa kowa ba. Ba zan sa zare ba sai na yaron da na san yana nan da ransa. In na ɗauko curi sai in tsaya in tuna. Wannan shuɗin na ɗan matar tela ne, ga shi can ya isa hawa katanga. Jan nan na 'yan biyun gidan mai niƙa. Koren na jikar limamin unguwa, wadda ba ta da aiki sai cizon yara. Akwai fari da na yi wa wata yarinya hula da shi, ƙyanda ta ɗauke ta tana wata tara, shi na ware gefe. Ina warewa ina istigfari, don na san abin da nake yi. Ban fasa ba.

Da na zo kan wani curi ruwan ɗorawa na dakata. Sai na tuna ai bara na yi wa 'yar mai ƙosai hula da irinsa, yarinya kuwa tana nan ɓul-ɓul. Na ce shi ne. Ya fi sauran girma, don haka na yi ta raba shi, layi biyu a can ƙasa kusa da farko, layi uku a tsakiya, in sa wasu launuka in sake dawowa kansa. Shi ya haɗa kan bargon ma, ya sa ya yi kyau.

Maigidan yakan tsaya a kaina in ya dawo daga masallaci. Wata rana ya ɗaga saƙar ya auna da hannunsa.

“Maman yara, wannan bargon nawa gwiwa ɗaya zai rufe ko rabin gwiwa?”

“Malam, in ba ka so in ba wa wani.”

“A'a, ina so. Na dai ga kamar mai gwiwar bai kai ni tsawo ba.” Ya ajiye yana murmushi, sannan ya ce a hankali, “Allah Ya sa a rufa da shi lafiya.”

Na kasa cewa amin da ƙarfi.

Mai cikin kuwa takan fito ta zauna a kujera 'yar tsuguno ta miƙe ƙafafu a kan matashi, ta yi ta kallon hannuna. Ba ta taɓa tambayata na wane ne ba. Hirarmu ba ta wuce ta sha magani, ya motsa yau, me take son ci.

Ranar wata Talata muka je awo, nas ta auna ta sau biyu, ta kira likita. Suka ce jinin ya ƙi sauka, ba za su jira watan ya cika ba. Ranar Litinin mai zuwa a kawo ta da sassafe a sa mata ruwan naƙuda. Muka dawo gida a Keke. Na bugo wa Yaya, ta ce tana tafe ranar Juma'a.

Juma'ar ce kuwa, bayan la'asar, ina sauri in gama, curin ruwan ɗorawar ya ƙare a hannuna. Takardar da ke cikinsa ta faɗo kan cinyata. Na ɗauka zan jefar, sai na ga rubutun biro. Na warware ta. Takardar magani ce ta asibitin awo na Gagarawa, da sunan 'yar tawa a sama, da kwanan wata na lokacin cikinta na farko.

Sai na tuna hular 'yar mai ƙosai ai zarenta bai ma isa ba, da fari na ƙarasa bakinta. Wannan na shawul ɗin ne. Yaya ta kwashe kaya, curin ya gangara cikin kwalla ya kwanta shekara biyu yana jirana. Na bi bargon da yatsa. Yana sama, yana tsakiya, yana can ƙasa. Ba yadda za a cire shi sai an warware kusan duka. Saura kwana uku.

Na zare kibiya na fara ja. Zare yana fitowa a murɗe, layi bayan layi, aikin mako biyar yana taruwa a kan tabarma kamar taliya. Na warware kusan taki guda, sai ga sallamar Yaya, ɗan kabu-kabu ya sauke ta da ƙullin kuka da daddawa.

“Auta! Me zan gani? Mutane suna saƙa gaba, ke kina saƙa baya?”

“Kuskure na yi, Yaya.”

“Wane irin kuskure ne wannan da zai cinye rabin bargo? Mu gani.”

Na miƙa mata takardar. Yaya ba ta yi boko ba, ta juya ta sama ta juya ta ƙasa.

“To, 'yar sakandare, sai ki karanta min. Ni dai na ga tafiyar tsutsa.”

Na gaya mata, murya ƙasa. Dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Ta zauna a bakin tabarma ba ta ko cire mayafi ba.

“Laifina ne, ban duba da kyau ba,” ta ce. Sannan ta ƙara da cewa, “Ke da kike zuwa islamiyya har da allo da jaka, zare ne zai kashe mutum?”

“Na sani, Yaya.”

“To?”

“To in na bar shi, wani abu ya faru fa? Da wane ido zan dube ta?”

Yaya ta dubi zaren da ke kan tabarma. Na ga ita ma tsoron ya kama ta, don ta kai hannu ta fara tattara zaren da na warware tana naɗewa a yatsu, wato in ci gaba.

“Umma, ki bar shi.”

Ba mu ji fitowarta ba. Tana tsaye ta dafa ƙyauren ɗaki, ɗaya hannun a ƙugu.

Yaya ta ce, “Ɗiyata, koma ki kwanta. Ba ki ga ƙafarki ba, kamar turmi?”

“Inna, sannu da zuwa. Na gaji da kwanciya.” Ta tako a hankali, Yaya ta tallafe ta ta zauna. Ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta saba ba. “Tun ranar da kika fara sa shi na gane shi. Ni na riƙe miki shi a hannu biyu kina naɗewa, a nan wurin. Kika ce in ba ki takarda, na ciro wannan daga jakata. Kin manta?”

Na manta. Wallahi na manta, sai da ta faɗa na gan mu a zaune, tana dariya tana cewa hannunta ya gaji.

“Na ɗauka da sani kika sa,” ta ce. “Na ji daɗi. Na ce ashe Umma tana tunawa da shi.”

“Ke, ba ki san abin da mutane suka ce ba.”

“Na sani. Har Gagarawa maganar ta je.” Ta jawo bargon ta ɗora a kan cikinta. “Ba a yi masa suna ba, ba a yi masa komai ba. Kayansa an bayar. A gidanmu ba mai maganarsa, a nan ma haka, kamar mafarki na yi. Wata tara fa na ɗauke shi, Umma. Wannan ne kaɗai abin da ya rage nasa. In Allah Ya sauke ni lafiya, ina so ƙaninsa ya rufa da shi.”

Yaya ta fashe da kuka ta rungume ta, ita da ke da izini. Ni na sunkuyar da kai ina neman kibiya a cikin zare, alhali tana kan cinyata.

Ba zan ce tsoro ya tafi ba. Ƙaruwa ma ya yi, don da kuskure ne, yanzu kuwa da sanina. Amma nata ne ɗan, wanda ya tafi da wanda ke tafe, kuma wannan ne abu na farko da ta taɓa roƙona tunda ta dawo hannuna. Na mayar da saƙar kan kibiya ɗaya bayan ɗaya. Na ce bismillah, na maida ruwan ɗorawar inda na ciro shi. Zaren da aka warware ba ya kwanciya kamar sabo, wurin ya fito a cukurkuɗe. Asabar da Lahadi na yi ta yi, tuwo ma Yaya ce ta tuƙa. Duk layin da na gama sai in ce, Ya Allah, Ka san ni, Ka san raunina, kada Ka kama yarinyar nan da wautata.

Litinin muka tafi bargo bai ƙare ba. Na cusa shi a jaka da kibiyarsa, don in samu abin riƙewa. Aka shiga da ita, Yaya ta bi ta har ƙofa tana tofa mata addu'a. Ni na zauna a benci a baranda, cikin sanyin safiya, na ci gaba da saƙa. Wata mata da ke kusa da ni ta ce, “Baiwar Allah, ke kam hankalinki kwance. Wa kika kawo?” Na ce, “'Yar yayata ce.” Sau uku saƙar tana zame min.

Hantsi ya yi, azahar ta yi. Na je na yi salla, ban san me na karanta ba, na sake. Ina dawowa na ji muryarta daga ciki, ta kira Inna sau ɗaya, ta kira Umma sau biyu. Daga nan sai shiru. Irin shirun nan na san shi, na taɓa jin sa. Yaya ta damƙe hannuna har farcenta ya shiga. Na dubi ruwan ɗorawar da ke kan cinyata, na ce shi ke nan, na sake yi.

Sai wani ɗan sauti ya fito, siriri, kamar na 'yar kyanwa. Ya tsaya. Ya sake fitowa da ƙarfi.

Nas ta leƙo. “Ina masu mai haihuwa? Mace ce, ƙarama ce sosai, sanyi ne abin gudu. Ku kawo kayanta, da abin rufa mai kauri.”

Muka dubi juna ni da Yaya. Tsofaffin zannuwa biyu ne kawai a jakar. Ni na hana a sayi komai.

“Ba ku zo da kaya ba? Haihuwa kuka zo ko kasuwa?”

“Ga shi nan, ga shi nan,” in ji Yaya. “Auta, rufe bakinsa mana!”

A tsaye na rufe bakin saƙar, nas tana jira tana kaɗa ƙafa. Ba almakashi, da haƙori na yanke zaren. Ta karɓa ta ɗaga shi ta duba. “Wannan kuma launi nawa ne?” Ta shige da shi.

Da aka bar mu muka shiga, an kwantar da jaririyar a ƙirjin uwarta, an lulluɓe su da bargon. Kanta bai fi lemo ba. Layin ruwan ɗorawa na sama, wanda na warware na mayar, shi ya faɗo daidai bayanta. Yaya tana ta guɗa ƙasa-ƙasa tana cewa, “Ɗiyata ta zama uwa.” Ni na tsaya daga ƙafar gado, na ce, “Sannu.” Ta ce, “Yauwa, Umma.” Idona yana kan layin nan. Yana ɗagawa kaɗan, yana sauka. Yana ɗagawa, yana sauka.

Haka na yi ta kallonsa har aka yi arba'in. Ina dafa ruwan wanka in baro wuta in zo in leƙa. Ina dama kunun kanwa in ajiye muciya in zo in leƙa. Dattijuwar maƙwabciyarmu ta zo barka, ta shafa bargon ta ce, “Wannan na tsiya-tsiya ai ya fi na kanti ɗumi.” Na ce haka ne.

Jikar tawa yanzu tana gudu. In sun zo daga Gagarawa da bargon take zuwa, tana jan sa a ƙasa, ya yi dauɗa ya koɗe, bakin da na rufe a tsaye ya fara zarewa. Maigidan yakan tare ta a zaure ya ce, “Amarya, ba ni bargona, gwiwata tana ciwo,” ta maƙale kafaɗa ta ruga bayan uwarta. Takardar maganin kuwa na nemi in ƙona, uwar ta karɓe ta sa a jakarta.